Ƙanwata ta ajiye aikin albashi, ta cika saman gida da gwangwani da ganyen dabino

Abu Yasir, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana cin raina, na ga gara in kawo shi nan tunda akwai manya. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Sudan ta tashi hannun kakarmu, ta yi karatun zane da ƙira a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 ta baro Omdurman, bayan wahala mai yawa Allah ya kawo ta wurina. Na samo mata aiki a shagon ɗinkin abaya, albashi duk wata, ba rana ba ƙura. Wata huɗu ta yi ta ajiye. Yanzu in ka hau saman gidanmu sai ka ɗauka wurin 'yan gwangwan ne. Ganyen dabino a shanye, gwangwanayen madara an wanke an kife, buhunan shinkafa, tsofaffin harami, har da fatar akuya. Da su take yin fitilu da jakunkuna da kayan ƙawata ɗaki. Ban ce ba ta iya ba, hannunta yana da kyau. Amma jiya maƙwabcina ya tare ni a matattakala yana tambaya ko mun fara sana'ar tsintar ƙarfe. Kun san abin da ake faɗa a kanmu Hausawa a garin nan game da bola. Shekara 19 ina tsare mutuncina a unguwar nan. In hana ta ne, ko in ƙyale?

Ɗan Hindawiyya:
Wa alaikumus salam. Abu Yasir ka hana tun da wuri. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane zafin maganar ba. Da asuba ka fita ka ga matanmu da keken yara suna bin durom-durom na shara suna tsintar gwangwanin lemo da kwali, sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. 'Ya'yanmu a makaranta da wannan ake yi musu gori. Ga baladiyya, wato hukumar gari, ta hana tonon shara, in an kama mutum tara ce. Yarinya mai digiri ba ta da dalilin kusantar abin da ya yi kama da wannan.

Hajiya Babba, Makka:
Ɗan Hindawiyya, ka iya bakinka ɗana. Matan da kake jin kunyarsu na san wasu da sunansu. Akwai wadda da kuɗin gwangwanin nan ta riƙe marayu huɗu, ba ta taɓa miƙa hannu a ƙofar Harami ba. Ban ce a karya dokar gari ba. Amma talauci ba abin gori ba ne.

Abu Yasir, ni tambaya zan yi maka. Kakarka da ta riƙe yarinyar, me take yi da hannunta? Mahaifiyata a ƙasa ta zo, ta Cadi, ta Janaina da Fashir da Ubayyid, har Sawakin suka hau jirgin ruwa. Shekaru suka yi a hanya. A duk garin da suka yada zango maza su kama noma ko ɗinki, mata su nemi kaba su saƙa tabarma da faifai da mafici su sayar, da haka ake tara guzurin gaba. Fitilar da muka yi karatun allo da ita aci-bal-bal ce, maƙeri ya yanke ta daga gwangwani. Ba wanda ya taɓa ce mana shara ce.

Abu Yasir, Jidda:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne, kakarmu masaƙiyar faifai ce a Mai Wurno, can Sudan. Amma ita dole ce ta sa ta. Wannan kuwa an ba ta aiki mai tsafta ta ture.

Injiniya, Riyad:
Abu Yasir, ina ganin ba ka san inda wannan sana'a ta kai a ƙasar da kake zaune ba. Akwai Zahra Al-Gamdi, 'yar yankin Baha, a Jidda take. Ita ta wakilci Saudiyya a babban baje kolin fasaha na Venis a Italiya a 2019, kuma da guntayen fata dubbai ta yi aikin. A 2020 ta jera gwangwanayen dabino wajen 6,000 a cikin rairayin Ula, mutane suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna kallo. A garinku kuma, a rumfar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, an yi baje kolin fasahar Musulunci a 2023 da 2025. A na biyun an gina musalla sukutum da ragowar bishiyar dabino, ganye da zare, abin da manoma suka saba ƙonawa. Ma'aikatar al'adu ma 2025 ɗin ta sa masa suna shekarar sana'o'in hannu. Ƙasar nan tana da dabino fiye da miliyan 30, Ahsa kaɗai ta haura miliyan 2.5, kuma kowace shekara sai an sare musu busassun rassa. Ƙanwarka ta ga arziki a inda kake ganin datti.

Ɗan Hindawiyya:
Injiniya, kada mu yaudari kanmu. Wadda ka ambata 'yar ƙasa ce, dakta ce, hukuma ce ta ɗauki nauyinta zuwa Italiya. Ƙanwar Abu Yasir baƙuwa ce mai iƙama, wato takardar izinin zama. Gwangwani a hannun waccan sunansa fasaha, a hannun baƙar fata 'yar gudun hijira sunansa bola. Ni ba ni na tsara haka ba, amma haka abin yake.

Injiniya, Riyad:
Wannan kam ka faɗi gaskiya mai ɗaci, ban musa ba. Sai dai El Anatsui ma baƙar fata ne, ɗan Gana, ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975. Marafan kwalabe yake bugawa su baje, a ɗinke su da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi mai rufe bango. A 2023 aikinsa ne ya cika babban zauren Tate Modern a Landan.

Maman Biyu:
Injiniya, ba shi ne wanda aka ce da marafan kwalaben giya yake yi ba? Wannan ba misalin da za a kawo wa 'yar Musulmi ba ne. Ni abin da ya fi tsaya mini ma harami ne. Tufar da mutum ya tsaya Arfa da ita, a yanka ta a yi jaka? Jikina bai ba ni ba. Mahaifina nasa ya ajiye har ya rasu, da shi aka yi masa likkafani. Malam yana nan kuwa?

Malam Na Madina:
Ina nan, ina biye da ku. Maman Biyu, Allah ya jiƙan mahaifinki. Abin da ya yi mutane da yawa suna yi, kuma ba laifi. Amma harami yadi ne. Ibadar tana ga mai ɗaura shi, in ya sauke ya koma tufa kamar kowace. Mutum yana iya yin tawul da shi, ko ya bayar, ko ya sayar. Wanda ya taɓa ganin Mina ranar da alhazai suka watse ya san yadda ake barin su tuli-tuli a cikin tantuna da gefen hanya, ana takawa. Hukuma da kanta yanzu tana tattara su a sake sarrafawa. Tsakanin a taka shi da a wanke shi a amfana, ban ga abin shakka ba.

Game da fata kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wata tunkiya da ta mutu, wadda aka ba baiwar Nana Maimuna, ya tambaya me ya hana a ɗauki fatarta a jeme a amfana da ita. A Suratun Nahli aya ta 80 Allah ya lissafa fatun dabbobi da gashinsu cikin ni'imomin da ya yi mana. Masallacin da nake kallo kullum a nan, farkon gininsa ginshiƙansa kututturan dabino ne, rufinsa rassan dabino. Matashin kan Annabi fata ce da aka cusa wa zaren dabino, tabarmar da yake kwanciya a kai har shaida take bari a jikinsa mai albarka. To Abu Yasir, kayan da ke saman gidanka ba baƙi ba ne a garuruwan nan.

Abu biyu zan ja kunnenta a kai. Buhu ko gwangwanin da ke ɗauke da sunan Allah ko aya ko tutar Saudiyya, kada a yi abin takawa ko abin zama da shi, a yanke wurin a killace. Sannan ta nisanci sassaƙa siffar abu mai rai. Maganar marafan giya kuma, tunda a nan ba za ta same su ba, kada mu ɓata lokaci a kai.

Maman Biyu:
Na gamsu da hujja Malam, Allah ya saka. Amma ni dai ba zan iya rataya jakar harami ba, zuciya ce.

Baduku, Misfala:
Ni fatar ce ta dame ni. Abu Yasir, jemammiya ce ko ɗanya? In ɗanya ce ka sauko da ita yau ɗin nan, domin jima ba aikin saman bene ba ne. Na gaji dukanci, na yi yarintata ina kai wa majema saƙo a Kano. Sai an jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan kashin kaji ta yi laushi, sannan ta kwana a ruwan bagaruwa, a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta bugu ana miƙarwa. Warin kaɗai ya isa maƙwabta su kira muku baladiyya. Shi ya sa ko a gida majema unguwarsu daban. Bagaruwar nan ita ce mutanen Sudan ke kira garad, kuma fatar da aka jeme da ita ba ta da na biyu, tana tsufa tana ƙara kyau. Ta kamfani da ake jemewa da sinadari ta fi santsi, amma ba ta shan karan dafi yadda tamu ke sha. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fa Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ayari ke fitar da ita.

Abu Yasir, Jidda:
Jemammiya ce Baba, ba ta wari. Wani ɗan Gadarif ke kawo mata.

Mai Kaba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce ƙanwar da ake magana a kai. Matar Yaya ce ta nuna mini, na roƙi mai kula da zaure ya saka ni. Yaya, ban ji haushi ba. Kai ka biya kuɗin da na fito da shi, a gidanka nake ci nake sha, kana da hakkin ka tambaya. Ina so dai a ji daga bakina.

Ban taɓa tona shara ba, ko sau ɗaya. Gwangwanin madara matan gidanmu ne ke tara mini, su suka san ina so. Buhun shinkafa daga wani gidan abinci nake saye. Ganyen dabino wani mai gona a hanyar Madina ke ba direba ya sauke mini, da ma ƙonawa zai yi. Kuma ba sayarwa nake a ɓoye ba. Iƙamata tana hannun wata mai warsha, wato wurin sana'ar hannu, a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ita ke da lasisi, a shagonta kayana suke.

Yadda na faro kuwa. Da muka gudu daga Omdurman, Madani muka fara sauka, a cikin wata makaranta, mu fiye da ashirin a aji ɗaya. Fentina da takarduna da duk aikin da na yi na shekara biyar na bar su a ɗaki, ko ƙofa ban kulle ba. Na yi makonni ban da kuka ba abin da nake yi. A kusurwar ajin akwai wata tsohuwa Bahausa daga ƙauyukan Jazira, kullum tana zaune da ƙullin kaba da kwanon ruwa. Wata rana ba ta ce mini komai ba, sai ta tsaga kaba da farcenta ta miƙo mini. Na kama, ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake naɗe ta a kan ciyawar da ke ciki, a soka basilla, a ja. Yatsuna suka fashe a ranar. Daren nan ne na fara yin barci tun fitowarmu. A lokacin na tuna abin da aka koya mana game da Ibrahim El-Salahi, babban mai zanen Sudan, haifaffen Omdurman. Da aka kulle shi a kurkukun Kobar a 1975, a kan guntayen takardar buhun siminti yake zane, ya binne a cikin ƙasa kada masu gadi su gani. Da tsufa ya kama shi kuma ya koma zane a bayan kwalin magungunan da yake sha. Da ina ɗaukar labarin a matsayin abin jarrabawa. A Madani na gane shi. Kafin garin ya faɗi a Disambar 2023 na saƙa faifai goma sha ɗaya. Tsohuwar mun rabu a hanya, ta nufi Sinnar, ban sake jin labarinta ba.

Shagon abaya ba su yi mini komai ba, mutanen kirki ne. Amma awa goma ina ɗinke baƙin yadi iri ɗaya, sai na ji abin da na koya yana mutuwa a hannuna.

Bari in faɗi yadda fitila ɗaya take fitowa, don a san ba tarkace nake haɗawa ba. Gwangwanin madara babba, in cire takardarsa, in wanke, in cika shi da ruwa in sa a firiza ya daskare, don in na buga ƙusa kada ya lotse. In zana dagi a takarda in naɗe a jikinsa, in bi zanen da ƙusa da ƙaramar guduma, huda bayan huda, wani ya kai ɗari huɗu. In goge bakin da magagari kada ya yanki mutum, in shafa maganin tsatsa. Ganyen dabino kuma na tsakiya nake so, fari mai laushi. A inuwa yake bushewa, rana tana sa shi karyewa. In tsaga shi siri-siri, in jiƙa ya kwana, wani in rina da lalle, wani da ɓawon rumman, in saƙa masa hula da gindi. Kabar goriba ta fi shi ƙarfi nesa, amma a nan dabino ne a hannu. Ƙwan da nake sawa marar zafi ne, don kada ganyen ya ƙone. In aka kunna ta da dare sai dagin ya bazu a bango. Tagogin katako na tsofaffin gidajen Balad, waɗanda suke kira rawashin, su suka koya mini wannan, yadda haske ke shiga ta ƙananan ƙofofi ya kwanta a ƙasa. Kwana uku nake yi a kan guda.

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye ba, bai kai albashin shago ba tukuna. Wata ya yi kyau, wata shiru. Lokacin sanyi da azumi, da Balad ke cika da mutane, shi ne kakar cinikinmu.

Hajiya Babba, Makka:
Allah sarki ɗiyata. Kin sa ni hawaye. Allah ya sada ki da tsohuwar nan da alheri, in ta riga mu gidan gaskiya Allah ya sa faifan nan ya zama sadaka mai gudana gare ta. Ki sa mana hoton fitilar.

Baduku, Misfala:
Dabarar ƙanƙarar nan ta burge ni. Mu yashi muke durawa. Yarinya, in kina ɗinka fata a kan buhu kada ki yi amfani da zaren keke, yana cin buhun. Ki nemi zare mai kauri ki murza shi da kakin zuma, ki huda da tsinke kafin allura ta bi. Ki zo Misfala da yayanki wata Juma'a in nuna miki ɗinkin da ba ya warwarewa.

'Yar Mai Wurno:
Mai Kaba, sannu da ƙoƙari, mu 'yan gari ɗaya ne ta wajen kaka. Ni ba ni tare da masu cewa a hana ki. Amma akwai maganar da ban ji kowa ya taɓo ba, kuma ita ke ƙona ni. Innata tana Jidda, shekararta ta haura 60, tun tana yarinya take saƙa. Wata mai irin sana'arki, ba ke ba, ta riƙa karɓar kwanduna a hannunta a riyal 15. Wata rana na bi ta wani shago na ga kwandon Inna, na gane shi domin ita kaɗai ke rufe baki da irin wannan kitson. An maƙala masa hannu na fata da 'yar takarda mai sunan waccan matar, an rubuta riyal 180. Kwana biyu Inna take yi a kan guda, bayanta har ya ranƙwafa. Da na gaya mata sai ta ce Allah ya sa albarka. Ni kuwa na kasa cewa haka. Masu karatu kun zo kun sa wa aikin iyayenmu sabon suna, kuna hawa baje koli, masu hannun suna nan inda suke. Ke wa ke yi miki saƙa, kuma nawa kike ba ta?

Ɗan Hindawiyya:
Yauwa. Wannan ita ce tambayar.

Mai Kaba:
Anti, tambayarki ta same ni, kuma ba zan kauce ba. Fitilu ni nake yi daga farko har ƙarshe. Amma gindin jakunkuna mata biyu ne ke saƙa mini, dukansu sun haife ni. Da na fara, farashin kasuwa na ba su, abin da suka faɗa da bakinsu, na ɗauka na yi daidai. Sai da na zauna na saƙa irinsa da kaina na ƙirga awannin, na ga abin da na ba su ko kuɗin burodi da shayin ranar bai kai ba. Na je na ba su haƙuri. Yanzu in jaka ta fita, mai warsha ta cire nata na haya da lasisi, a cire kuɗin fata, abin da ya rage mu raba biyu da wadda ta saƙa. Ban ce ya isa ba. Kason shago ya fi na kowa, kuma ba ni da bakin da zan rage shi, domin ba da sunana lasisin yake ba.

Suna kuwa, na nemi in rubuta nasu a takardar. Ɗaya ta ce ita matar aure ce, sunanta ba zai rataya a kasuwa ba. Ɗayar dalilinta na takardun zama ne, kin gane. Sai nake rubuta cewa saƙar hannun matan Hausa ce a Jidda. Na san wannan bai biya su ba.

'Yar Mai Wurno:
Na ji daɗi da ba ki yi mini kwana-kwana ba. Rabi da rabi ya fi abin da Inna ke samu nesa ba kusa ba. Amma ina nan a kan bakana, ranar da aka kira ki baje koli aka ɗauki hotonki, su suna gida. Ki riƙe wannan a ranki.

Mai Kaba:
Na riƙe Anti. In Inna za ta yarda, ina so in zo in gaishe ta in ga kitson bakin nan.

Malam Na Madina:
'Yar Mai Wurno ta kawo magana mai nauyi. Yardar mai sayarwa tana halatta ciniki, amma wanda ya san darajar kaya ya sayi na wanda bai sani ba da arha ƙwarai, malamai sun yi magana a kan wannan. Ɗiyata, ki riƙa gaya musu nawa aka sayar, ko ba su tambaya ba.

Injiniya, Riyad:
Na yaba mata da farko, yanzu bari in tsaya wa Abu Yasir a wuri ɗaya. Busasshen ganyen dabino a saman bene, kusa da injinan sanyaya ɗaki da wayoyinsu, a zafin Jidda, hatsari ne na gaske. Tartsatsi ɗaya ya isa. In wani abu ya faru, sunansa ne a takardar haya, shi 'yan kwana-kwana za su tambaya. Sannan ki kula da abin da ake kawo miki daga gona. Jan ƙwaron nan mai cin cikin dabino ya addabi manoman ƙasar nan tun shekarun 1980, hukuma tana sa ido sosai kan ɗaukar dashe daga yanki zuwa yanki. Ki tsaya a kan ganye, kada ki karɓi kututture ko gindin reshe. Gwangwani kuma ki tsaya a na abinci, ban da na fenti ko maganin ƙwari.

Mai Kaba:
Na gode Injiniya. Maganar wuta ban yi tunaninta yadda ya kamata ba. Mai warsha tana da ɗan sito a bayan shago, zan roƙe ta in mayar da ganyen can, in riƙa ɗebo na kwana biyu kawai.

Ɗan Hindawiyya:
Ƙanwata, na ji bayaninki kuma na janye kalmar bola a kanki. Amma ra'ayina bai canza duka ba. Sana'ar da wata ya yi kyau wata shiru ba ta riƙe baƙo a ƙasar nan, ga kuɗin sabunta iƙama ga inshorar lafiya. Da ni ne da na riƙe shagon abaya da rana, in yi wannan da dare.

Hajiya Babba, Makka:
Da dare da wane ido, bayan awa goma a kan keke? Ku bar yarinya ta gwada shekara guda. Abu Yasir, mun ji ka shiru.

Abu Yasir, Jidda:
Ina nan Hajiya, karatu nake ina maimaitawa. Wallahi labarin Madani ban taɓa jin sa ba sai yau, kuma gida ɗaya muke kwana. Na tambaye ta hanya da kuɗin mota da wanda ya rasu da wanda ya tsira, ban taɓa tambayarta abin da ta bari a ɗakinta ba. Ɗazu na hau sama na ce ta kunna mini guda. Dagin da ya fito a bango irin wanda ke jikin faifan kakarmu ne, wanda ake rufe mana tuwo da shi.

Ga abin da na yanke. Ganye ya koma sito kamar yadda Injiniya ya ce. Gwangwani kada in sake ganinsa a matattakala, a sa a kwali a rufe. Shekara guda kamar yadda Hajiya ta nema, kuɗin iƙamar bana ni zan biya, in lokacin ya cika mu zauna da littafin cinikinta mu duba. Tsoron da Ɗan Hindawiyya ya faɗa har yanzu yana raina, ba zan ce ya tafi ba. Baba Baduku, Juma'a mai zuwa bayan la'asar muna tafe in Allah ya so.

Maman Biyu:
Mai Kaba, mijina yana aiki a masaukin alhazai a Aziziyya, ya ce akwai harami da aka bari tun Hajjin da ya wuce, cike da buhu uku, mai gidan yana neman wanda zai kwashe. Ni dai na faɗa ba zan rataya ba, amma in kina so a wanke a aiko miki. Da bilic ake wankewa ko yana ɓata rini?

Mai Kaba:
Ina so Anti, Allah ya saka da alheri. Kada a sa bilic, yana cinye zaren kuma lalle ba ya kama shi bayan nan. Ruwan zafi da sabulu kawai, a shanya a rana. Masu kauri irin na tawul a ware su daban, su nake sawa a cikin jaka. A fara neman izinin mai gidan a rubuce, don direba ya riƙe a hanya.